Kafin ka ce a saka maka AI a shago, ina littafin bashinka?

Tun da ChatGPT, manhajar nan mai hira da mutum a rubuce, ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022 kusan duk mai shagon da zai kira ni kan maganar manhaja sai ya ƙara da cewa "kuma dan Allah a saka min AI a ciki", wato ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta irin ta ChatGPT ɗin. A nan Zariya daga masu kemis a Tudun Wada har masu sayar da taki da maganin feshi a Samaru da dillalan hatsi a Sabon Gari duk bakinsu ɗaya. Ni kuma sana'ata kenan, haɗa wa ƙananan 'yan kasuwa tsarin ajiye bayanai, me ya shigo sito, me ya fita, wa muke bi, wa ke binmu, saboda haka ba ƙaramin daɗi na ji ba da mutanenmu suka farka, don a shekarun baya sai ka yi ta lallashin mutum ya bari a saka masa ko da manhajar lissafi ta Excel ce yana ce maka ai shi kansa ya ishe shi. Amma akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya kuma shi nake so mu tattauna yau.

Yawancin masu cewa a saka musu AI ɗin nan in ka ce su kawo maka lissafin wata shida da suka wuce babu shi. Wani littafin bashinsa rabi a takarda rabi a ka, wani a bayan kwalin magani yake rubutawa, wani kuma yaron shago ne kaɗai ya san wa ya karɓi me, ranar da yaron ya tafi bautar ƙasa ko ya buɗe nasa shagon shikenan lissafi ya bi shi. Toh AI ɗin a kan me zai yi aiki? Kamar injin niƙa ne fa, komai ƙarfinsa in ba ka zuba masa hatsi ba ƙara kawai za ka ji.

Sannan akwai wani tsohon nau'in AI da aka daina zancensa wanda ni a ganina ya fi dacewa da kasuwanninmu fiye da wannan mai hirar da kowa ke rububi. Tsohon nau'in shi ne manhajar gwani, wadda ake zama da ƙwararre a wani fanni a tatso abin da ya sani a rubuta shi a matsayin ƙa'idoji, in kaza ya faru kuma kaza ya faru toh a yi kaza, sai kwamfuta ta riƙa bin ƙa'idojin tana ba da shawara irin wadda gwanin zai bayar. Tarihinta yana da darasi sosai a gare mu shi yasa zan ɗan tsaya a kai.

A 1956 aka yi wani taro a kwalejin Dartmouth a Amurka inda John McCarthy da abokan aikinsa suka kafa fannin AI, kuma burinsu a lokacin babba ne, na'urar da za ta yi tunani a kan komai da komai. Hakan bai samu ba. Abin ya fara aiki ne lokacin da aka rage buri aka kama abu ɗaya. A 1965 a jami'ar Stanford, Edward Feigenbaum da Joshua Lederberg, wanda ya ci kyautar Nobel tun 1958, suka fara gina manhajar gwani mai suna DENDRAL, aikinta ɗaya tak, a ba ta sakamakon awon wani sinadari ta faɗi yadda ƙirarsa take. Abin da suka gano shi ne ƙarfin manhajar ba daga wayon lissafinta yake ba, daga yawan ilimin masana sinadarai da aka ɗura mata yake.

Wadda ta fi burge ni ita ce MYCIN, da Edward Shortliffe ya gina a Stanford ɗin dai a farkon shekarun 1970. Tana da ƙa'idoji wajen 600 a kan cututtukan da ƙwayoyin cuta ke sa wa jini da kuma sanƙarau, ciwon da mu a Arewa ba sai an yi mana bayaninsa ba. Likita zai zauna tana yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, shekarun mara lafiya, abin da gwaji ya nuna, ko an taɓa yi masa aiki, daga ƙarshe ta ce ga ƙwayar cutar da take zargi ga maganin da ya dace ga adadinsa gwargwadon nauyin mutum. Abu biyu ne a cikinta nake so ku riƙe. Na farko ba ta cika baki, kowace ƙa'ida tana ɗauke da ma'aunin tabbaci daga -1 zuwa +1, wato tana iya cewa wannan ina da yaƙini sosai wannan kuma zato ne mai rauni. Na biyu in ta yi maka tambaya kana iya tambayarta me yasa take son sani, ta nuna maka ƙa'idar da take ƙoƙarin tabbatarwa, in ta yanke hukunci ma ka ce ta yaya ta kai nan, ta jero maka hanyar da ta bi tiryan-tiryan. A gwajin da aka wallafa a 1979 an ba ƙwararru takwas shawarwarin magani kan masu sanƙarau goma ba tare da sun san wanne ne na mutum wanne ne na na'ura ba, suka amince da na MYCIN kashi 65 cikin 100, alhali malaman likitanci na Stanford da aka gwada tare da ita sun samu tsakanin 42.5 da 62.5.

Amma duk da haka ba a taɓa amfani da ita a ɗakin marasa lafiya ba. Akwai maganar wa za a kama in ta yi kuskure, wannan gaskiya ne, sai dai babbar matsalar ita ce a wancan zamanin bayanan asibiti ba sa cikin kwamfuta, dole likita ya zauna ya buga komai da hannunsa a wata ƙatuwar na'ura kafin ya samu amsa, likitan da ke da layin marasa lafiya a ƙofa ina ya ga wannan lokacin. Kunga gwani ya samu amma babu tsarin bayanan da zai tsaya a kai. Wannan shi ne daidai halin da shagunanmu suke ciki yau.

Ku kwatanta da XCON, wadda John McDermott na jami'ar Carnegie Mellon ya gina wa kamfanin kwamfuta na DEC, ta fara aiki a 1980. Su DEC kowane kwastoma da irin haɗin kwamfutar VAX da yake oda, a kan manta waya ko a haɗa sassan da ba sa tafiya tare, kaya su isa wurin mai shi su ƙi aiki. XCON ta zauna ne a kan odar da dama tana shigowa a rubuce, tana duba ta tana cike abin da aka manta, kuma zuwa 1986 an ƙiyasta tana rage wa kamfanin asarar dala miliyan 25 a shekara. Ita ta ci nasara saboda ta samu bayanai a ƙasa suna jiranta. Matsalarta ta zo ta wani ɓangaren, ƙa'idojin suka yi ta ƙaruwa har suka kai dubbai, kaya suna canzawa kullum, ka gyara ƙa'ida ɗaya wata ta karye, sai da aka ajiye ma'aikata musamman don kula da ita. Zuwa 1987 kasuwar kwamfutocin musamman da ake gina irin waɗannan manhajoji a kansu ta rushe, masu zuba kuɗi suka janye, aka daina yayin abin. Amma fa dabarar ba ta mutu ba, ta shige cikin manhajojin bankuna da inshora da haraji ne kawai ta yi shiru, duk ranar da banki ya ce ka wuce iyakar transfa ta yau, ƙa'ida ce irin wannan ta tare ka.

Yanzu mu dawo gida. Ku ɗauki shagon kayan noma, manomi ya shigo daga wajen Giwa ko Hunƙuyi ya ce masarata tana yin rawaya a ba ni magani. In maigidan yana nan zai tambaye shi, ganyen ƙasa ne suka fara ko na sama? In na ƙasa ne kuma rawayar ta faro daga bakin ganye ta bi tsakiya, sai ya sake tambaya ruwa na kwanciya a gonar? In baya kwanciya toh yunwar taki ce, yuriya take so ba feshi ba, in kuma yana kwanciya sai an fara fitar da ruwan in ba haka ba takin ma asara ne. In ganyen huje-huje ne kuma akwai kashi kamar garin katako a cikin kunnen masarar, tsutsar nan ce da ta shigo Najeriya a 2016. In wuta-wuta ce ta fito a gindi wannan kuma maganar iri ce da canjin shuka ba ta kwalba ba. In kuma maigida ya tafi masallaci ko kasuwar ƙauye yaro ne a shago, sai ya miƙo masa duk kwalbar da ta fi kusa da hannu, manomi ya yi asarar kuɗi ya yi asarar lokaci kuma ba zai sake dawowa ba. Waɗannan tambayoyin na maigida ba su wuce a rubuta su a saka a wayar Android mai arha ba, ba sa buƙatar data ba sa buƙatar sabis, kuma in yaron ya ba da shawara zai iya nuna wa manomin dalili.

Sai dai tatso ilimin shi ne aikin, kuma tun zamanin su Feigenbaum an san nan ne maƙogwaron abin. Gwani bai san yawan abin da ya sani ba. Na zauna da wani dattijo dillalin hatsi na ce masa "Baba, ta yaya kake gane masarar da za ta jure ajiya har bazara?" Ya dube ni ya ce "Ɗana, ai gani ake yi." Iyakar amsar kenan, kuma ba rowa yake min ba, shi a wurinsa haka abin yake. Sai da na daina tambaya na koma kallo sannan na ga abin da "gani" ɗin ya ƙunsa. Yana cusa hannu can cikin buhu ba sama-sama ba, ya ɗebo ya gatsa ƙwaya ɗaya ya ji ko za ta fashe ƙaras ko za ta lotsa, ya zubo ta daga tafin hannu yana sauraron ƙararta, ya shinshina, sannan cikin hira kamar ba komai ya tambayi mai kayan daga wane gari, yaushe aka karya, a kan leda aka shanya ko a ƙasa. Masana za su ce maka masarar ajiya danshinta kar ya wuce wajen kashi 13 cikin 100 kuma akwai na'urar auna shi, shi Baba haƙorinsa ne na'urar, kuma sauran tambayoyin nasa babu na'urar da ke yinsu.

Dabarar da na ga tana aiki ita ce kar ka tambayi gwani ƙa'ida, tambaye shi labari. "Baba, wancan buhun da ka ƙi ɗazu me ka gani?" "Alhaji, wane ya zo neman bashi ka hana shi amma ka ba wane, meye bambancinsu?" Nan take baki zai buɗe. Zai ce maka wancan bara sai da aka kai ga surukinsa kafin ya biya, wannan kuma ko bai da shi yakan zo da kansa ya ce a ƙara masa mako biyu, kuma mai zuwa da kansa ya fi mai kashe waya ko da mai kashe wayar ya fi shi kuɗi. Zai ce maka bashin taki da aka karɓa a farkon damina ba a matsa wa mai shi sai kaka ta yi, amma wanda ya karɓi kaya don ya sayar a kasuwar mako in ya wuce kasuwa biyu bai leƙo ba akwai magana. Wallahi wannan ilimi ne na gaske, an saye shi da asarar shekaru, kuma yana bin masu shi kabari muna kallo. Gidajen kasuwanci nawa muka sani a garin nan da suka durƙushe bayan rasuwar maigida, ba don 'ya'yan sun ci dukiyar ba, a'a, don dai ba su san abin da uban ya sani ba kuma ba wanda ya rubuta.

Wani amfanin rubuta ƙa'ida da ba a cika faɗa ba shi ne tana fito da son zuciya fili. In maigida yana da ra'ayin cewa mutanen gari kaza ba a ba su bashi, muddin abin yana cikin kansa ba mai iya ja da shi, amma ranar da aka rubuta shi baƙi da fari aka ɗora kusa da littafin da ke nuna su wa suka biya su wa suka ƙi, sai a ga ko gaskiya ce ko mutum ɗaya ne ya taɓa ɓata musu suna shekara goma da suka wuce. Sabon AI mai koyo daga tarin bayanai shi kuma haɗiye irin wannan son zuciyar yake ya ci gaba da aiki da ita ba tare da ya nuna maka inda take ba.

Mu kuma wannan salon tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu ko kaɗan, duk wanda ya zauna gaban malami a zaure a cikin birni ya ji ana karanta babin gado ya san shi. In mamaci ya bar ɗa ko 'ya matarsa tana da ɗaya bisa takwas, in bai bari ba ɗaya bisa huɗu, miji rabi ko ɗaya bisa huɗu, wane yana katange wane. Haka zakka, amfanin gonar da ruwan sama ya shayar ɗaya bisa goma, wanda aka sha wahalar ban ruwa rabin haka, kuɗi da kayan sayarwa 2.5 cikin 100 in sun kai nisabi shekara ta zagayo. A mazhabar Malikiyya ma an bambanta ɗan kasuwar da ke juya hajarsa kullum, wanda zai yi wa kayansa ƙima duk shekara ya fitar, da wanda ke saye ya ajiye yana jiran farashi, wanda shi sai ya sayar. Kunga mai kanti da mai tara hatsi a sito hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Manhaja za ta iya bin wannan tsaf ta nuna hujjar kowane mataki malami ya duba ya tabbatar, kuma dole malami ya duba ɗin, ba na goyon bayan a raba gadon marayu da waya kaɗai. Amma ko a nan ma tambayar farko ita ce nawa ne ƙimar kayan da ke shagon, nawa ne bashin da ake sa ran zai dawo. Wanda bai da lissafi zakkarsa ma kintace ce.

Shi yasa nake cewa a fara da tsarin bayanai, kuma shi ma ba zama za ka yi a ɗaki ka rubuta manhaja ka kawo ba. Abin da ke kashe irin wannan aikin ƙananan abubuwa ne. Awo misali, an sayo da buhu ana sayarwa da mudu ko tiya, kuma buhun wani gari ba ɗaya yake da na wani ba, mudun ma akwai cikawa akwai shafewa, in manhajarka ta ɗauka buhu lamba ɗaya ce da ba ta canzawa kafin wata ya ƙare lissafin sito ya rabu da abin da ke ƙasa, maigida ya fara zargin yaransa da sata alhali ba su ɗauki komai ba. Sunaye ma haka, mutum ɗaya a rubuta shi Alh. Sani yau, gobe Sani mai taki, jibi Baban Khalifa, kwamfuta ta ɗauka mutum uku ne bashinsa ya rabu gida uku. Farashi kuma ba ɗaya ba ne, akwai na sari akwai na ɗai-ɗai akwai na "kai namu ne", in ba ka bar wa maigida ƙofar ragi ba zai ajiye wayar ya koma biro. A kemis kuma ranar esfaya ita ce gaba da komai, wanda ya fi kusa da lalacewa shi ya kamata ya fara fita.

Ga wuta ga sabis. Duk manhajar da sai da intanet take buɗewa ba ta shagonmu ba ce, dole ta ajiye komai a cikin wayar ta yi aiki ko babu netwok, in sabis ya dawo ta tura kwafi wani wuri saboda ranar da waya za ta faɗa ruwa ko a sace ta. Kuma ta yi Hausa, da manyan maɓallai, don mai auna hatsi hannunsa da ƙura yake kuma kwastoma na tsaye.

Wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 duk da azabar da aka sha ta bar mana abu ɗaya, ta tura kusan kowa ga POS da transfa, yanzu mai shago yana da tarihin kuɗin da suka shigo ko bai yi niyya ba. Matsalar dai asusun ɗaya ne da na cefane da na kuɗin makarantar yara da na gudummawar biki, kuma alat yana gaya maka nawa ne ya shigo amma baya gaya maka me aka saya. Raba asusun shago da na gida kaɗai ya fi duk wani AI da zan iya saka wa mutum a shekarar farko.

Sai maganar amana wadda ita ce ta fi wuya. Yaron shago yana ganin an kawo abin da zai riƙa leƙensa, maigida kuma yana tsoron kar lissafinsa ya fita ya kai kunnen masu haraji ko abokan hamayya ko ma 'yan uwa masu jiran a ce yana da shi. Duka biyun tsoronsu yana da tushe kuma ba a kawar da shi da surutu, sai dai a bar littafin takarda ya ci gaba tare da manhajar na wani lokaci har kowa ya ga lissafin biyu suna haɗuwa, a kuma nuna wa yaron cewa rasit ɗin nan shi yake karewa ranar da aka ce kaya sun ɓata. Mu masu haɗawa kuma mu ji tsoron Allah da bayanan mutane, sunan wanda ake bi bashi da lambar wayarsa sirrinsa ne, ga kuma dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a Yunin 2023. Ina ganin matasa suna kwafe jerin kwastomomin shago da basussukansu su liƙa a ChatGPT wai ya tsara musu, wannan ba daidai ba ne, ba ka nemi izinin kowa ba ka fitar da asirinsa waje.

Ba wai ina ƙin sabon AI ba ne fa, ina amfani da shi kuma yana da inda ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Tsohuwar manhajar gwani ba ta gani ba ta ji, sai abin da ka buga mata, kuma in tambaya ta fita daga ƙa'idojinta ko da taku ɗaya ne sai ta tsaya cak. Sabon kuwa zai iya duba hoton ganye, zai iya karanta rubutun hannu a tsohon littafi, zai iya sauraron saƙon murya, duk da a Hausa har yanzu da saura saboda rubutunmu da muryoyinmu da ya koya daga gare su ba su kai na Turanci ko kusa ba. Amma a san yadda yake aiki, hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya yake yi daga tarin rubutun da ya karanta, shi yasa in bai san abu ba ba lallai ya yi shiru ba, sai ya ƙirƙiro maka amsa mai daɗin ji da cikakken ƙarfin hali. A Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a Kanada ta sa Air Canada ya biya wani fasinja saboda AI mai hira da ke shafinsu ya faɗa masa ƙa'idar rangwamen da ba haka take ba, kamfanin ya so ya zame kotun ta ce ai naku ne. In babban kamfanin jirgi ya faɗa wannan ramin ina ga mai kemis da zai bar irin wannan abu ya faɗi adadin maganin yaro, ko mai shagon feshi da zai bar shi ya faɗi yawan maganin da za a zuba a tanki.

Yadda nake ganin ya kamata a haɗa su shi ne sabon ya tsaya a bakin ƙofa, ya karɓi magana, Hajiya ta yi saƙon murya ta ce an ba wance mudu biyar na wake bashi, ya mayar da shi rubutu ya nuna mata ta tabbatar. Amma lissafin kansa ma'adanar bayanai ce za ta yi shi, hukuncin a bayar ko a hana kuma ƙa'idojin da mai shagon ya sani ya yarda da su kuma zai iya canzawa da kansa.

Abin da ke ƙara min ƙwarin gwiwa shi ne Zariya ba ta rasa gwanaye ba. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR a Samaru tushenta tun 1922, irin masarar SAMMAZ da waken SAMPEA da dawar SAMSORG duk daga nan suka fito, ga NAERLS da aikinta shi ne kai ilimin ga manoma, ga cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Shika da ta fitar da kajin Shika Brown, ga asibitin koyarwa, ga malaman zaure, ga dattawan kasuwa. Kuma kowace shekara a faɗin ƙasar nan ɗaliban kwamfuta suna rubuta furojet a kan manhajar gano maleriya ko taifod, da yawa daga intanet suke kwaso ƙa'idojin, a ba da maki a ajiye a kanta. Ƙannena ɗalibai, da ɗayanku zai ɗauki littafi ya je ya zauna da malamin gona ɗaya ko dillaliyar gyaɗa ɗaya na tsawon zango guda ya rubuto ƙa'idoji hamsin na gaskiya da aka gwada a kan abin da ya faru, da ya fito da abin da babu shi a duk intanet, kuma abin da wani zai biya kuɗi ya saya.

Yanzu duk wanda ya zo min da maganar AI ga abin da nake roƙonsa kafin mu yi zancen kuɗin aiki. Ya sayi littafi mai kauri guda ɗaya, kowane kwastoman bashi shafinsa daban da suna ɗaya da lambar waya, kowane kaya da awon da aka saye shi da awon da ake sayar da shi, a rubuta kullum kafin a rufe shago ko da ciniki bai yi ba. A gefen dama kuma a ja layi a bar fili, duk lokacin da maigida ya ba da bashi ko ya hana, ya karɓi kaya ko ya mayar, ya rage farashi ko ya ƙi, a rubuta dalilinsa a wurin ko da kalma uku ce, in shi ba ya son rubutu yaro ya tambaye shi ya rubuta. In aka yi haka daga saukar damina zuwa kaka, abin da aka rubuta a gefen hagu shi za mu zuba a ma'adanar bayanai, filin daman kuma daga nan za mu ciro ƙa'idojin farko mu karanta wa maigida ya ce wannan haka ne wannan ba haka nake nufi ba.